Wanda Ya Goyi Kaka

Da hantsin Lahadi aka tarar babu Kaka. Wilber Tamay, mai yi wa baƙi jagora a kangon Kanche, ya hau da mutanensa har ƙololuwar babbar dala, suna haki suna share gumi. Ya juya kamar yadda ya saba, ya miƙa hannu ya ce, "Ga kuma uwar gidan nan," sai baƙi suka ga rami. Fuskar dutsen nan mai jan launi da ta zauna a alkukin bango tun kafin a haifi kakannin kakanni, wadda duk garin ke kira Kaka, an ɓamɓare ta an yi gaba da ita.

Kafin Sajan Fidelia Tamay ta iso daga ofishin 'yan sanda na garin Xpujil, mutanen Kanche sun riga sun gama mata aikinta. Halinsu ke nan. Ba su taɓa kama ko ɓarawon kaza ba, amma ba a taɓa yin satar da ba su san wanda ya yi ta ba. Tana kashe mota mai gari Don Gaspar ya leƙo ta taga.

"Kin sha hanya a banza, 'yar Chabela. Peñate ne."

"Ya amsa?"

"Zai amsa. Mun kira taro da yamma a gindin rimi. Ke ki tafi da shi, mu kuma mu karɓe filinmu, matarsa da 'ya'yansa su koma inda suka fito."

Sebastián Peñate daga can jihar Chiapas ya zo da iyalinsa, yarensa daban, cocinsa daban. Gari ya ba shi aron fili a can bakin daji, shi kuma yana dakon siminti da ruwa a kango duk lokacin da ake gyara. Ya yi shekara da shekaru a Kanche, amma har yau baƙon nan ake ce masa. Fidelia kuwa a nan aka yanke cibinta, ta san abin da taron gindin rimi ya yanke babu alƙalin da ke warware shi. In ta sa Peñate a mota yau, ko da kotu ta wanke shi wata mai zuwa, zai dawo ya tarar an rushe bukkarsa an shuka masara a wurin.

"Bari in ga wurin tukuna, Baba," ta ce.

A saman dala ta sami Wilber yana jiranta. Ƙaninta ne, autan gidansu, ɗan lelen uwarsu Doña Chabela. Yana sanye da rigar masu jagora, ruwan goro, da babban hoton Kaka a baya da sunan gari a ƙasansa. Birai suna ta ruri a can cikin itatuwa, rana kuma ta fara dukan kai.

"Yaya, kin yi nauyi. Da can da gudu kike hawa nan."

"Da can ba na ɗauke da bindiga da wawan ƙani. Matsa."

Ta durƙusa gaban alkukin. Da kurfi aka bi gefen dutsen, a natse, ba aikin gaggawa ba. Garin farar ƙasa ya zube a ƙasa, haɗe da ɓarɓashin jan launin da ke kama yatsa ya ƙi fita. A tsakiyar ramin, daidai inda Kaka ta zauna, an ajiye karan taba ɗaya da ba a kunna ba, da alewa wadda tururuwa suka cinye rabinta.

"Wa ya ajiye wannan?"

Wilber ya yi dariya. "Baƙi mana. Ina ba su labarin alush, ƙananan masu gadin kango, in ce suna son taba da kayan zaƙi, sai su yi ta ajiyewa suna ɗaukar hoto. Tatsuniyar tsofaffi ce, amma tana kawo ciniki."

"A ƙarƙashin dutsen suka cusa?"

"To, ko waɗanda na hawo da su ɗazu." Ya kai hannu baya yana sosa tsakanin kafaɗunsa. "Ke dai ki je wurin Don Nicanor, ya tsinci abin da zai rage miki wahala."

Fidelia ta ɗaga tabar. Raɓa ta jiƙa ta ta bushe, takardar ta ƙudundune. A nan ta kwana. Ta sa ta a leda.

Don Nicanor mai gadi yana zaune a ƙofar rumbun kayan aiki, ya ɗaure kai da jiƙaƙƙen ƙyalle, don jiya bikin San Isidro ne kuma bai raga wa kwalba ba. Ya miƙo mata maɗaurin dako, irin igiyar nan mai faffaɗan fata da ake ratayawa a goshi a goyi kaya a baya. Igiyar ta yi ja-ja da garin dutse.

"Na Peñate ne," in ji shi. "A kan ƙusarsa na gan shi."

"Rumbun yana kulle?"

"Makullin ya mutu tun zamanin gwamnan da ya wuce."

"Wato ko ni zan iya ɗauka in mayar. Ina kake jiya bayan azahar?"

"Haba, 'yata! Na rufe ƙofa da tsakar rana, ni na ɗauki kan alade a rawar bikin. Gari kaf ya gan ni, har na faɗi sau biyu."

"Kai ka ajiye taba a sama?"

Tsohon ya sauke ƙyallen daga kansa ya dube ta sosai. "Ni zuma nake ba alush, kuma a gindin matakala. Gwiwata ta daina kai ni sama tun bara. An bar taba a ramin?" Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. "To wanda ya bar ta haƙuri yake ba masu wurin. Ya san abin da ya taɓa."

"Wa bai zo biki ba?"

"Peñate, ai su ba sa zuwa. Sai matar nan ta Puebla mai kallon tsuntsaye. Na ga shigarta kango da safe, ban ga fitarta ba."

"Wa ya bar wurin biki ya daɗe?"

"Wa yake ƙirga mutane ana rawa? Ni dai abin da na sani, giya mai ɗumi muka sha har rana ta kusa faɗuwa, don ƙaninki ya tafi sayo ƙanƙara ya zauna kamar a can zai yi aure."

Gidan Peñate shi ne na ƙarshe kafin daji. Tun daga nesa Fidelia ta ga matarsa tana jera tukwane cikin buhu, yara mata biyu suna riƙe mata baki. Ba wanda ya ce su tattara, amma labari ya riga ya iso. Abin ya soki Fidelia a rai, ta kuwa ɗaure fuska don kada a gani.

Peñate gajere ne, wuyansa kauri kamar turmi. Ya miƙe ya cire hula.

"Ina kake jiya?"

"A nan. Asabar ce, Sajan. Ko wuta ba a hurawa a gidana ranar Asabar."

"Wa zai shaida?"

"Matata da 'ya'yana. Na san ba za a karɓa ba."

"An ce kai kaɗai za ka iya sauko da wannan dutse daga sama."

"Ƙarya ne. Bai kai buhun siminti ba. Duk namijin da ya tashi da dakon itace zai iya."

"Kawo rigar aikinka."

Ya ɗauko ta daga kan igiya. Ruwan goro ce ita ma, irin ta masu jagora, sai dai ta 'yan dako babu hoto babu rubutu. Ta duba baya, ta duba kafaɗa. Siminti ne da tsohon gumi, babu ja ko ɗigo. Ta sa ya juya mata bayansa, shi ma babu ƙwarzane.

"In za ka ɗauki wani abu a kango, me kake bar wa alush?"

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Ni Allah ɗaya nake tsoro. Ban taɓa shan taba ba, balle in ba aljani."

"Ban ce taba ba."

"Kowa a garin nan taba yake ba su. Ina share ta kullum a kan matakala."

Ta riƙe idonsa har sai da matarsa ta daina motsa tukwane. Bai kawar da kai ba. Rigar da babu ja ba za ta cece shi a gindin rimi ba, za a ce ya ƙone wata. Ta ce kada ya fita ko'ina, ta wuce masaukin baƙi.

Doña Ofelia, tsohuwar ma'aikaciyar banki daga Puebla, siririya ce mai furfura, madubin hangen nesa rataye a wuyanta har a kan teburin cin abinci. Wilber ya riga yayarsa isowa, yana jingine da ƙofa, wai ya zo taimako.

"Yaushe kika fita daga kango jiya, Doña?"

"Lokacin da aka rufe."

"Mai gadi bai ga fitarki ba."

"Mai gadi ba ya ganin ko ƙafarsa jiya."

"Ba ni makullin motarki."

Matar ta yi ja har kunnuwa. Motar ƙarama ce, Fidelia ta buɗe ko'ina, ba ta sami komai ba sai takalman daji da gorunan ruwa. Ta dawo ta zauna ta yi shiru, irin shirun nan da ke sa mutum ya fara jin ƙarar haɗiyar yawunsa.

"To, na ɓuya," in ji Doña Ofelia. "Akwai wata shaho da ta yi sheƙa bayan ƙaramar dala, ba ta fitowa in da hayaniya. Na hau can na zauna har la'asar, sannan na fita ta ƙarƙashin waya kamar akuya. Ki ci ni tara in kina so."

"Kin ga kowa?"

"Ma'aikaci ɗaya. Ya sauko ta bayan babbar dala da kaya a goye, igiya a goshi, an rufa buhu a kan kayan. Na ɗauka gyara ake yi."

"Fuskarsa?"

"Bayansa kawai na gani, ya sa hula. Da ya hau ma bayansa na gani, kafin ya yi goyon."

"Rigar fa?"

"Ruwan goro."

"Da rubutu?"

"Babu komai. Fili ce."

Wilber ya buga tafi ɗaya. "Kin ji ko, Yaya? Tamu da hoto, ta 'yan dako ce fili, kuma ɗan dako ɗaya ne a garin nan tun da aka tsayar da gyara. Bari in gaya wa Don Gaspar." Ya fice yana sosa baya da gefen ƙofa, kamar jaki da bishiya.

Fidelia ba ta tashi ba. Ta san masu kallon tsuntsaye, idonsu ba ya wuce ƙaramin abu.

"Me kuma kika gani, Doña? Ko da abin banza ne."

"Abin banza ne kuwa. Wani farin abu yana kaɗawa a ƙeyarsa, na ɗauka malam-buɗe-littafi ne ya sauka masa. Na saita madubi, ashe ɗan ƙyallen nan ne da kamfani ke ɗinkawa a wuyan riga. Ɗinkin kafaɗa ma duk a waje yake. Na ce bawan Allah a duhu ya sa kaya."

Nan take Fidelia ta gane. Ba a duhu ya sa kaya ba. Duk wanda ya tashi a Kanche ya san ba a shiga kango ko ƙurmin daji ɗaya tilo sai an juya riga ciki ya koma waje, don alush su kasa gane gaban mutum da bayansa, kada su ruɗa masa hanya. Yara na yanzu dariya suke yi wa abin. Wanda ya fi kowa dariya kuwa shi ne wanda alush suka taɓa ɗauka. Wilber yana ƙarami ya bi tsuntsu ya ɓace a bayan kango, gari ya yi kwanaki yana nemansa da karnuka da ganguna, aka same shi zaune a bakin wata tsohuwar rijiya, ba ya magana. Tun daga ranar Doña Chabela ba ta barinsa ya taka bakin daji sai ta juya masa riga da hannunta. Ya girma, ya koyi yaren baƙi, yana hawa dala da jerin mutane yana yi wa alush ba'a. Amma Fidelia ta yi ta laluben ranar da ta taɓa ganinsa a kango shi kaɗai, ba ta samu ba.

Ta zauna cikin mota ta rufe ƙofa, zafi kamar tanda. Ta yi ta neman wani wanda zai shiga wannan riga. Masu jagora biyu ne a kango, ɗayar kuwa mace ce, kuma tana Mérida wurin haihuwa. Ta so ƙwarai a ce Don Nicanor ne, ko matar Puebla, ko ma aljanin da kansa. Daga nan tana hango mutane sun fara jera benci a gindin rimi.

A bayan madafin uwarsu ta same shi yana wanke babur ɗinsa mai ƙafa uku. Ta bangon kara ana jin tafin hannun Doña Chabela tana faɗaɗa ƙullun masara.

"Me ke damun bayanka, Wili?" Ta yi maganar ƙasa-ƙasa.

"Ƙuraje ne na zafi."

"Cire rigar in gani."

"Sajan ce ke tambaya ko yayata?"

"Zuwa Xpujil da dawowa ba ya cin yini. Ina ka tsaya da ƙanƙarar?"

"Taya ta yi faci."

"Wace?"

Ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

"Kunyar kanka ba ta hana ka ba, amma tsoron masu wurin ya sa ka juya riga, ka bar musu taba. Fuskar Kaka ka manna wa bayanka don kada a gan ta. Da ka gama ka mayar da rigar daidai, ka ga waje fes. Ba ka ba Mama ta wanke ba, don ita ciki take fara dubawa. Tun safe garin dutse ke cin ka."

Ya jefa tsumman cikin bokiti. "Wani mai otal a bakin teku ne yake so ya sa ta a lambunsa. Mota zai ba ni, Yaya, babba mai ɗaukar baƙi tun daga Chetumal. Har yaushe zan yi ta hawa matakala ina washe haƙora? Dutse ne fa. Dutse!"

"Peñate kuma?"

"Ni ban shirya masa ba. Igiyarsa kawai na ara. Sauran ya zo da kansa."

"Da gudu ka kai wa Don Gaspar."

"Ba za a ɗaure shi ba, babu shaida. Chiapas za su koma, can ma gida ne. Ni kuwa in kika sa ni a motar nan, shekaru zan yi a kurkuku. Ki dubi Mama." Muryarsa ta karye, ya koma yaron nan da take goyo zuwa rafi. "Abin da za ki yi kawai shi ne kada ki ce komai. Ni ƙaninki ne."

"Ka tashi a taron ka faɗa da bakinka, ka nuna inda take. Zan rubuta cewa kai ka kawo kanka."

"In na ƙi?"

A cikin madafi tafin hannun ya tsaya, ba ta san tun yaushe ba.

Da yamma gindin rimi ya cika. Peñate yana tsaye a tsakiya da hula a hannu, matarsa da yaran a can gefe, an bar musu fili kamar masu cuta. Don Gaspar ya ɗaga maɗaurin dako ya nuna wa jama'a, ya maimaita abin da baƙuwa ta gani, riga ruwan goro babu rubutu. Aka fara hayaniya. "A kore su!" "Tun farko na faɗa!" Wata mata da Peñate ya taɓa kai wa mijinta asibiti a goye ita ce ta fi kowa ɗaga murya.

Fidelia ta dubi Wilber. Yana zaune a benci kusa da uwarsu, ya harɗe hannu, idonsa a ƙasa. Ta ba shi lokaci har mai gari ya ce a ɗaga hannu. Bai motsa ba. Sai ta fito tsakiya.

"A dakata, Baba. Ina da tambaya ɗaya ga gari. Don Nicanor, in za ka shiga kango kai kaɗai ranar da babu kowa, me kake fara yi?"

"In juya riga mana."

"In an juya riga mai hoto a baya, me ake gani?"

Hayaniyar ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya.

"Baƙuwa ta ga ƙyallen wuya a waje, ta ga ɗinki a waje. Wanda ya ɗauki Kaka ya juya riga kafin ya hau, ya bar taba da alewa a gurbinta, sun kwana a can. Peñate ba ya ba alush komai, kun sha zaginsa a kan haka. Ba shi da dalilin juya rigar da babu komai a bayanta. Wanda ya yi wannan namu ne, a nan aka raine shi, yana tsoron abin da muke tsoro. Jan Kaka kuwa ba ya fita da kaɗewa. Na duba rigar Peñate ban ga komai ba. Sebastián, juya musu ita."

Peñate ya tuɓe rigar ya juya ya ɗaga sama, ya nuna gaba ya nuna baya. Gumi ne da siminti.

"Saura riga ɗaya a garin nan mai wannan launi," in ji Fidelia. "Wilber Tamay."

Ya yi dariya, wata busasshiyar dariya, ya waiwaya yana neman mai taya shi. "Kun ji ta? Ta tafi birni ta sa kaki, ta dawo za ta tuɓe ni a gaban mata saboda baƙo. Ba zan cire ba."

Ba wanda ya taya shi. Fidelia ta yi taku ɗaya za ta nufe shi, sai Doña Chabela ta miƙe. Ƙaramar mace ce, da ƙyar ta kai ƙirjinsa, sanye da farar rigarta ta ado, da garin masara a hannunta. Ba ta dubi 'yarta ba.

"Ɗaga hannu, auta," ta ce.

Ya ɗaga, kamar yadda yake ɗagawa yana ƙarami. Ta janye rigar ta kansa, ta sa hannu ciki ta juya ta lokaci ɗaya, ta shimfiɗa a kan benci. A daidai bayan hoton da aka buga, ta ciki, ga Kaka ta gaske ta zauna da jan launinta: zagayen ido biyu, doron hanci, da layin baki. Bayan Wilber ya yi ja ya kumbura, duk sawun farce.

Wani ya ce, "Yesu!" Don Gaspar ya ajiye maɗaurin dakon a hankali kamar yana da zafi.

"Tana ina?" in ji Fidelia.

"A rijiyar nan," ya ce, da ƙyar ake jinsa. "Wadda aka same ni."

Kafin rana ta faɗi aka ciro Kaka, naɗe cikin buhu, ba ta ko tsage ba. Da aka zo maganar wanda zai kai ta rumbu, maza suka yi ta kallon ƙafafunsu, kowa yana tsoron taɓa ta yanzu da masu wurin suka fusata. Peñate ya ɗauki igiyarsa ya rataya a goshi ya goye ta. Don Gaspar ya bi shi a baya yana gyaran murya, yana cewa ai dama taron ba a gama shi ba, ba a yanke komai ba. Peñate bai waiwayo ba. Matarsa kuwa ta ja yaranta suka tafi gida kwance buhu.

Fidelia ta sa Wilber a bayan mota ba riga, don rigar ta zama shaida. Ba ta sa masa ankwa ba. Ta zagayo za ta shiga sai ta ga uwarta tana zuwa daga gida da sauri-sauri, riƙe da ƙunshin tortiya, wainar masara mai zafi, da farar rigar Wilber ta zuwa coci.

"Mama," ta ce. "Da na yi shiru, da yaran can..."

"Na ji ku ta bango." Tsohuwar ta tura mata kayan a hannu, har yanzu ba ta dubi fuskarta ba. "Ki ba shi ya sa."

Fidelia ta warware rigar, ta ga ɗinki a waje, ƙyallen wuya yana reto. Ta sa hannu za ta mayar da ita daidai, uwar ta riƙe mata wuyan hannu da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Bar ta haka," in ji Doña Chabela. "Inda za ki kai shi bai san hanya ba, kuma shi kaɗai zai shiga."